Kafar da Baffa Ya Toshe

Gidanmu gidan magina ne, a unguwar Birni ta Damagaram, kuma tun ina yarinya na san abu guda da magini ba ya iya gani ya wuce: kafa a jikin bango. Ko bangon maƙiyinsa ne, sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Inna ta ba ni labarin kakana, wai ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa a unguwar Zango, ya hangi ramin ɓera a kusurwar zauren, ana cikin addu'a ya miƙa hannu ya jawo butar wani, ya jiƙa ƙasa ya liƙe ramin, sannan ya shafa fatiha da hannu duk taɓo. A wurinsu kafa abin kunya ce, kuma ba su gajiya da tuna maka cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To a cikin irin wannan gida ne Allah ya tashi ya jefo babana, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gina abu don kawai ya bar kafa a tsakiyarsa.

Shi ne ƙarami a mazan gidan, kuma kowa ya yarda ya fi su hannu. Adon da ake yi a fuskar gidaje, su dagi da takobi da sauran zane, tun yana saurayi attajiran Zango ke aikowa a ce shi suke so, ba wani ba. Wannan hannu ne ya sa aka ɗauke shi zuwa babban birnin ƙasa ya yi wa wani ginin gwamnati ado, daga can kuma waɗansu Nasara suka tafi da shi ƙasarsu na 'yan watanni. Har yau akwai masu cewa can ne aka juya masa kai. Ƙarya suke yi. Shi da bakinsa ya gaya mini babu abin da ya kwaso a can sai tari. Abin da ya gani a manyan ɗakunan da suke ajiye sassaƙa ya tuna masa da abin da ya baro a gida ne, wato duwatsun garinmu, waɗannan manya da ke zaune a kan juna, da 'yar tsagar da ke tsakaninsu inda sama ke leƙowa. Ya ce shekara da shekaru yana wuce su zai je zana takobi a bangon mutane, bai taɓa ɗaga kai ya dube su ba.

Da ya dawo sai ya ajiye adon gidaje, sai dai ɗan abin da zai ciyar da mu. Ya soma tayar da waɗansu abubuwa da jar ƙasa, tsayin mutum, wani ya fi. Ba ɗaki ba, ba rumbu ba, ba akurkin kaji ba. Suna tsaye ne kawai, wannan ya karkata, wancan ya murɗe, kowanne kuma da kafa a cikinsa. A duk faɗin Damagaram babu wanda ya taɓa yin irin wannan kafin shi, in ma akwai ban ji labarinsa ba.

Duk baƙon da ya zo tambayata labarin babana, abu guda yake so ya ji, wai malamai sun tasa shi gaba sun ce gunki yake yi. Ina ba su haƙuri, don ba haka aka yi ba. Limamin unguwarmu ya zo sau ɗaya, ya zagaya abin da sandarsa, ya nemi kai bai samu ba, ya nemi ido bai samu ba, ya leƙa ta kafar ya ga akuyarmu a ɗaya gefen. Ya ce wannan ai ba ya kama da komai cikin halittar Allah, saboda haka shi ba shi da magana. Ya sha fura ya tafi. Wanda ya hana babana sakat ɗan'uwansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baffa, babban wansa da ya gaji kakana a shugabancin maginan gidanmu. Kuma wallahi ba don ƙiyayya ba. Da ƙiyayya ce da ta fi mini sauƙi.

Baffa mutum ne mai zumunci irin wanda ke gajiyar da mutane. Ba a haihuwa ko mutuwa a dangi bai riga kowa zuwa ba. Duk sanda ya shigo gidanmu, bayan gaisuwa, zai tsaya gaban aikin ƙaninsa ya riƙe ƙugu, ya yi tambayar da ya yi shekara talatin yana yi, wai yaushe za a gama. Baba ya ce an gama, Yaya. Baffa ya ce to kafar fa? Baba ya ce ai ita ce aikin. Sai Baffa ya girgiza kai, ya ce Allah ya kyauta, su zauna su ci goro kamar ba a yi ba.

Mutanen babban birni kuwa sun san da shi. Suna zuwa da motoci da na'urar ɗaukar hoto, su kira shi da wani suna na Faransanci mai nufin gwanin sassaƙa, su ce shi ne ya buɗe hanya. Suna tafiya da hotunansu, ƙasa kuma ta ci gaba da halinta. Waɗanda ya gina a gonar wani abokinsa a Gaffati damina uku ta narkar da su, don ba wanda ke yi musu yaɓe. Wani da aka sa shi ya yi a gaban wani buro, wato ofishin gwamnati, ranar da za a faɗaɗa hanya mota ta ture shi ba wanda ya aiko mana. Haka suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da na kai shekara arba'in, ina koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, ina zaune gidan mijina a Zango, saura guda ɗaya tak a duniya, wanda ke tsakar gidanmu na Birni. Ba shi da suna, abin Baba kawai muke ce masa.

Ya fi mutum tsawo ko da ya ɗaga hannu. Gindinsa faɗi, ya tashi yana tsukewa yana karkata wajen gabas, har baƙo ya ga kamar zai faɗi, amma shekara talatin bai motsa ba. Jikinsa duk sawun yatsu ne, Baba bai taɓa sa masa cokalin gini ba. Kafar tana daidai kan mutum, babbar ƙwarya za ta shige ta baki ɗaya, ta ɗaya bakin kuma ta tsuke, cikinta a murɗe. Da hantsi rana na ratsa ta, sai ka ga dunƙulen haske ya bayyana a tsakiyar inuwa, a bangon ɗakin Inna. Daga nan ya sauko ƙasa, ya riƙa jan jiki a tsakar gida har ya hau turmi, kafin rana ta take tsaka ya ɓace. Inna ba ta taɓa cewa aikin mijinta yana da kyau ko ba shi da shi ba, amma in hasken ya taɓa turmi takan tashi ta ɗora tukunya. Mu kuma muna yara mukan tare shi da tafin hannu.

Kowace bazara, kafin ruwan farko, al'adar gidanmu ce a yi gayyar yaɓe. Baffa ya tara 'ya'yansa da na 'yan'uwa, a bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya, a kwaɓa ƙasa, a toshe tsaga, a gyara indararo, a shafe bango da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. Suna yi wa gidanmu ma, amma abin Baba shi kaɗai ke taɓa shi. Sai sun tafi yake tuɓe riga, ya kwaɓa tasa ƙasar, ya zura hannu cikin kafar har kafaɗa, ya riƙa jan yatsunsa a hankali yana zagayawa. Yakan yi kwana uku a kan kafar kaɗai.

A wata bazara ne ciwon ya same shi. Yana alwalar la'asar ya kife, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya ɗaure. Bayan mun fito daga asibiti, dangin Inna da ke Dogo suka ce a kai shi can, akwai mai gasa jiki da tausa da ya san irin wannan ciwo. Aka tafi da shi, Inna ta bi shi, aka bar mini makullin gida. A lokacin magana biyu kawai ta rage a bakinsa, salati, da kalmar bari. In za a ba shi abin da ba ya so, bari. In an matsa masa da surutu, bari.

Ba a yi sati biyu ba Baffa ya zo har Zango neman makulli. Ya ce hadari ya soma haɗuwa a gabas, ba zai zauna yana kallo ruwa ya ci gidan ƙaninsa yana kwance ba. Na ji daɗi, na yi godiya, na miƙa masa. Amma ban manta ba, kuma ina so a shaida ban manta ba. Na durƙusa na ce, “Baffa, a yi wa bango da soro duk abin da kuka ga dama. Abin Baba dai a bar shi yadda yake har ya dawo.”

Ya ce, “Malama, ke ki je ki koya wa yaranki karatu. Mun san aikinmu.”

Kwana huɗu suka yi. A rana ta huɗu na tashi daga lakkwal na hau kabu-kabu na nufi Birni, da ƙullin goro a jaka na ban gajiya. Tun daga zaure na ji ƙamshin makuba da muryoyin maza suna dariya. Na shiga tsakar gida, na tsaya, na nemi abin Baba ban gan shi ba.

A inda yake, wani ginshiƙi ne tsaye, miƙaƙƙe sak. Sun cike karkatar da tubali ta gefen gabas har ya daidaita. Sun shafe sawun yatsun gaba ɗaya, sun goge jikin sumul yana ƙyalli. Sun ɗora masa zanko a ka, irin na saman soro. Kafar kuwa babu ita, a daidai wurin sun zana dagi, kyakkyawan dagi, wanda na tabbata Baffa da kansa ya zana shi, don duk cikinsu ba mai wannan hannu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne aikin ya yi kyau. Da ƙofar gidan attajiri ce da kowa ya tsaya ya yaba.

Baffa na zaune a kan turmin Inna yana wanke ƙafa, fuskarsa fal farin ciki. Ya ce in zo in gani, abin da ya gagari ƙaninsa shekara talatin sun gama masa shi a kwana biyu. Ya ce dama ciwo ne ke cin yaron nan tun tuni ba a gane ba, shi ya sa hannunsa ke karkata, yanzu in ya dawo zai samu abin da zai kalla ya ji sanyi. Yaron nan, wai babana, mai furfura har a gira. Na buɗe baki, na ga maza goma sha biyu jikinsu duk laka, sun bar nasu aikin sun yi kwana huɗu a rana saboda mu, ko sisi ba za su karɓa ba. Me zan ce? Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Na durƙusa na fito da goro, na ce sannunku da aiki, Allah ya bar zumunci. Na faɗa da bakina, suka amsa da amin. Duk rayuwata ban taɓa yin godiyar da ta yi mini ɗaci kamar wannan ba.

Na je Dogo ranar Lahadi na ja Inna bayan rumbu na gaya mata. Ta ce kada in kuskura in gaya masa, kada kuma in kuskura in yi wa Baffa rashin kunya, don hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce ai wannan hannun bai ruɓe ba, lafiyarsa ce ta yi yawa. Ta ce in rufe mata baki.

Bayan ruwa na biyu aka dawo da shi. Da hantsi ne, muka shigo da shi ni da Inna muna riƙe da shi ta kowane gefe, yana jan ƙafar dama. Ni ina ta kallon fuskarsa ina jiran ya ɗaga kai ya ga ginshiƙin. Bai ɗaga ba. Bangon ɗakin Inna ya fara duba, sannan ya sauke ido ƙasa ya bi tsakar gidan a hankali har zuwa turmi. Ya sake komawa bango, ya sake biyowa. Hasken yake nema. Sai da ya rasa shi sannan ya juya ya dubi abin da aka yi masa. Bai yi salati ba, bai ce bari ba. Ya nuna mana da hannun hagu mu zaunar da shi.

Washegari ya sa aka jawo masa kujera mai tsawo gaban ginshiƙin, aka ajiye masa buta. Ya riƙa zuba ruwa a kan dagin yana ƙwaƙule ƙasar da yatsun hagu, hannun da bai taɓa aiki da shi ba. Na zo da rana na tarar ya cinye rabin zanen, na ji daɗi har na yi guɗa ƙasa-ƙasa. Na ce ƙasa ce ai, abin da ruwa ya haɗa ruwa zai raba. A rana ta uku yatsunsa suka ci karo da abu mai tauri, toka-toka. Ya zuba ruwa, ruwan ya gangare. Ya kankara da farce har farcen ya tsage. Siminti ne. Sun cika kafar da siminti da tsakuwa tun daga wannan baki har wancan, sannan suka rufe da yaɓe.

Ko mayafi ban gyara ba na nufi gidan Baffa. Na same shi a zaure, na gaishe shi, don ko wuta ke ci a cikina ba zan tsallake gaisuwa ba. Na tambaye shi dalilin siminti a gidan da tun kakanni ƙasa ake sawa. Ya ce don ƙauna. Ya ce ƙasa ana sa wa kowa, amma ɗan'uwansa sai abin da zai daɗe, kuma daga cikin simintin da ya ajiye don ɗakinsa ya ɗiba. Na roƙe shi ya turo yaransa su cire, tunda su suka san yadda suka zuba. Ya dube ni kamar na ce ya fita tsirara kasuwa.

Ya ce, “In aika a huda abin da na toshe? A ce ƙanena na kwance, ni kuma na bar masa gida da kafa? Ina da rai ba za a yi ba.”

Na ce, “Baffa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kun tambaye shi?”

Ya ce ba a tambayar mara lafiya kafin a ba shi magani. Ya ƙara da cewa tun ina ƙarama zuciya ke gabana, in bi a hankali.

Na tashi na fito. Da na koma gida na tarar da Baba yana nan inda na bar shi, ya naɗe yatsa da tsumma, ya canza dabara. Ya bar simintin, yana jiƙa ƙasar da ke kewaye da shi kaɗan-kaɗan, yana cire ta da ƙyar, kamar ƙwayar gero a kowane taɓi. Yanzu na gane abin da yake yi, so yake ya sassauta dunƙulen ta gefe har ya zame da kansa, ko da zai ɗauke shi damina guda. A ranar ban gane ba, ko in ce ban tsaya in gane ba. Abin da na gani kawai tsoho ne mai hannu ɗaya da jini a farce yana faɗa da simintin wansa. Na shiga ɗakin kayan aikinsa na ɗauko guduma da wani guntun ƙarfe mai kaifi. A gidanmu mace ba ta taɓa kayan gini, na ce yau za ta taɓa.

Da ya gan ni ya ɗaga hannu ya ce, “Bari.”

Na ce, “Baba, yanzu zan buɗe muku ita. Gobe da hantsi za ku ga haskenku.”

Ya sake cewa, “Bari.”

Na ɗora ƙarfen a tsakiyar simintin na buga. Bugu na farko ko gezau. Na biyu na sa duk haushin da na haɗiye tun ranar goron. A na uku na ji wata ƙara a can cikin ginshiƙin, ba a inda nake bugu ba. 'Yar magina ce ni, ya kamata in san siminti ya fi ƙasa ƙarfi, kuma in ka bugi mai ƙarfi, mai rauni ne ke amsawa. Ga ruwan sama biyu da ya sha, ga wanda Baba ya yi kwana uku yana zubawa. Tsaga ta tashi daga gefen kafar ta zagaye, sai duk saman ya karkata, ya tafi gabas inda dama can yake son zuwa, ya zube a kan bangon makewayi. Allah ya tsare bai faɗo ta wajen Baba ba. Ƙura ta tashi, kaji suka watse, Inna ta fito da muciya a hannu tana salati.

Da ƙura ta lafa, saura kututture iya ƙirjina. Garin neman gira na rasa ido. Na tsaya da guduma a hannu, na ji maganar da na jefa wa Baffa a zaurensa ta dawo mini. Shi bai tambaya ba. Ni kuwa an gaya mini, har sau biyu, da kalma ɗaya da ta rage wa mutumin a baki ban da salati.

Na kasa kallon Baba. Sai na ji yana buga hannun kujera, na juya na ga yana nuna wani abu cikin ɓaraguzan. Dunƙulen simintin ne, ya gangaro gefe, ko ɓantarewa bai yi ba. Ni da Inna muka mirgino shi gabansa. Ya zuba masa ruwan buta ya wanke ƙasar da ta manne. Faɗi ta baki ɗaya, tsukakke ta ɗayan, a murɗe. Jikinsa duk layi-layi ne masu tudu, biyar-biyar, suna zagayawa. Simintin ya shiga kowane sawu da yatsun Baba suka bari a cikin kafar a yaɓensa na ƙarshe, ya ɗauke su kaf. Ya ɗora hannun hagu a kai ya bi layukan a hankali har ƙarshe, ya daɗe yana yi. Ban san ko murna yake ko baƙin ciki ba, fuskarsa ta riga ta daina nuna irin wannan. Bai yi mini faɗa ba, dama ba shi da bakin yi, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

Kafin magariba labari ya zagaye Birni. Washegari da sassafe sai ga Baffa da yaransa da kwandunan ƙasa, wai sun zo su tayar da abin da na rushe. Na tsaya a bakin zaure na ce yau sai dai a bi ta kaina. Wannan ce rashin kunya ta farko da na taɓa yi masa. Ya leƙa ta saman kafaɗata ya ce wa ƙaninsa ya yi mini magana. Daga tsakar gida Baba ya ce bari, kuma a wannan karon duk mun ji. Baffa ya juya da mutanensa, ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata.

Baba ya rasu bayan kaka. Baffa ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya jera itace ya liƙe kowace kafa da taɓo da hannunsa, yana kuka kamar yaro, in ji waɗanda suka je. Shi ma bai daɗe ba ya bi shi. Kututturen na hana a yi masa yaɓe, don hannun da ke yi masa ya tafi, damina kuma ta ci abinta a hankali har ya koma tudun da kaji ke birgima a kai.

Yanzu na ajiye aikin lakkwal, na dawo gidan Birni da zama. Baƙi na zuwa har yau daga babban birni, ɗalibai da masu rubuce-rubuce, suna neman aikin mutumin da suka ce shi ya buɗe hanya. Abin da zan iya nuna musu guda ɗaya ne, dunƙulen simintin, yana ɗakin Inna a kan tabarma. Su durƙusa su yi ta ɗaukar hoto, wani ma ya ce wai wannan ne ƙololuwar aikinsa. Nakan gaya musu gaskiya, cewa babana bai taɓa siminti ba a wannan aiki, wansa ne ya zuba, 'yarsa ce ta fasa, amma ba sa rubuta wannan. A unguwa kuwa labarin da ya zauna shi ne Baffa ya gyara, ni na rushe. 'Ya'yan Baffa, in mun haɗu a biki ko suna, sai babbansu ya ce, “Malama, da ba don simintin tsohonmu ba, da me za ki nuna wa baƙinki?” Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ke hana ni yafe musu.

Da hantsi tsakar gidan rana ce fal daga bango zuwa bango, ba inuwa balle haske a cikinta. Turmin Inna na nan inda yake. Wani lokaci in na gama shara nakan shiga ɗakin in zauna kusa da dunƙulen, in sa yatsuna biyar a tsakanin layukan in ja su yadda yake ja. Hannunsa ya fi nawa faɗi, kullum sai ɗan yatsana ƙarami ya zame daga layi.